Jinyar Tsoho a Matakin Ƙarshe na Gigin Tsufa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami babban gida a ƙasar Hausa da ba a taɓa jinyar tsoho ko tsohuwa a cikinsa ba. Bahaushe ba shi da al'adar kai iyayensa wani gida na musamman domin a riƙe masa su. Inda mutum ya yi ƙuruciyarsa nan yake tsufa, kuma a hannun waɗanda ya haifa yake fatan cikawa. Sai dai akwai wata irin jinya da kan so ta gagari gida duk kyakkyawar niyyar mutanensa, wato jinyar tsohon da hankalinsa ya gushe sannu a hankali, har ta kai ba ya gane 'ya'yansa, ba ya iya tashi, ba ya iya kai loma bakinsa. Wannan babi zai yi bayani a kan irin wannan jinya. Za a duba abin da ke faruwa a jikin maras lafiyar da abin da ya kamata mai kula da shi ya sani, tare da la'akari da tsarin gidan Bahaushe da ɗabi'unsa, musamman kunya da girmama na gaba.

Kalmar "jinya" tana da fuska biyu a Hausa. Idan aka ce "Malam yana jinya", ana iya nufin shi ne a kwance, ana kuma iya nufin shi ne ke kula da wanda yake kwance. A nan "mai jinya" na nufin mai kulawa, shi kuwa na kwance za a kira shi tsoho ko maras lafiya. Harshen bai yi kuskure ba da ya haɗa su a kalma ɗaya, domin wannan ciwo mutum biyu yake ci.

2.0 Tsufa ne ko Cuta?

Hausawa kan ce tsoho "ya ruɗe", ko "gigin tsufa ya kama shi", ko kuma "ya koma yaro". Duk waɗannan lafuzza suna nuna cewa ana ɗaukar abin a matsayin wani ɓangare na tsufa, tamkar furfura ko zubewar haƙora. Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa ba haka ba ne. Akwai tsofaffi da yawa da suka haura shekara 90 da hankalinsu garau, suna lissafa zuriya suna raba gardamar iyakar gona. Abin da ake kira gigin tsufa cuta ce da ke kashe ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiranta dimenshiya, kafafen yaɗa labarai kuwa sukan ce "cutar mantuwa". Wannan suna na biyu ya gaza, domin mantuwa ita ce kawai ƙofar shigar ciwon. Daga baya yakan ci magana da tunani da tafiya, har ma da haɗiya.

Cututtuka da dama ne ke haifar da wannan hali. Wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzheimer, wadda ta samo sunanta daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer. Shi ne a shekarar 1906 ya bayyana irin lalacewar da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya, wadda ciwon ya kama tun tana da shekara hamsin da 'yan kai. Sai kuma nau'in da ke biyo bayan toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wanda ke da dangantaka da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya, wani bincike da aka fitar da sakamakonsa a 1995 ya kwatanta Yarabawan Ibadan masu shekara 65 zuwa sama da takwarorinsu baƙaƙen fatar birnin Indiyanapolis na Amurka. An sami ciwon a jikin kimanin kashi 2 cikin ɗari a Ibadan, da kimanin kashi 8 a Amurka. Ke nan ciwon yana nan a cikinmu, ba na Turawa ba ne kamar yadda wasu suke zato.

Muhimmancin wannan bayani shi ne, yadda gida ya fassara ciwo haka zai yi jinyarsa. Gidan da ya ɗauka taurin kai ne zai yi ta faɗa da tsoho. Gidan da ya ɗauka sammu ne zai ƙarar da dukiyarsa wajen neman wanda ya yi jifa, a ɓata zumunci a banza. Mafi muni shi ne inda aka jingina wa tsohuwa maita saboda tana sambatu, tana ambaton matattu, ko an tsince ta da dare a bayan gidan wani. Akwai ma wata alama da ke ƙarfafa irin wannan zato: masu wannan ciwo sukan fi rikicewa da yamma, daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, wanda shi ne lokacin da Bahaushe ya yi imani iskoki ke yawo. Likitoci sun san wannan alama a ko'ina cikin duniya, kuma suna danganta ta da gajiyar yini da raguwar haske da lalacewar sashen ƙwaƙwalwa mai tsara barci da farkawa. Kunna fitila tun kafin duhu ya shiga da rage hayaniyar yara sukan sassauta ta.

3.0 Kamannin Matakin Ƙarshe

Ciwon yakan ɗauki shekaru yana tafiya. A farkonsa tsoho kan manta inda ya ajiye kuɗi ya zargi jikoki da sata; a tsakiyarsa yakan fita ya ɓace a unguwar da aka haife shi. A matakin ƙarshe duk wannan kai-kawo ya wuce. Magana takan ragu zuwa 'yan kalmomi ko nishi. Ƙafa ta daina ɗaukarsa, daga baya ko zama sai an tallafe shi. Ba ya riƙe fitsari da bayan gida, barci ya yi yawa, jiki ya yi ta ramewa ko da ana ba shi abinci.

Wani bincike da aka buga a 2009 ya bi diddigin tsofaffi 323 da ke wannan mataki a gidajen kula da tsofaffi na yankin Boston a Amurka, har tsawon wata 18. Fiye da rabinsu sun rasu a cikin wannan lokaci, kimanin kashi 86 cikin ɗari sun sami matsalar cin abinci, kashi 41 kuma sun kamu da ciwon huhu. Wannan a ƙasar da ke da wadatar likitoci da kayan aiki ke nan. Abin da za a fahimta shi ne, ciwon ba ya warkewa, kuma a wannan mataki manufar jinya ta sauya. Ba a neman tsoho ya miƙe. Ana neman kada ya ji zafi, kada ya kwana cikin ƙazanta, kada ya tsorata, kada mutuncinsa ya zube a gaban waɗanda suka taso suna rusuna masa.

4.0 Ci da Sha

A nan ne mafi yawan gidaje suke kuskure, kuma kuskure ne da so ke jawowa. A wurin Bahaushe ciyarwa ita ce babbar shaidar kulawa. Ɗan gaisuwa yana shigowa tambayarsa ta farko ita ce, "Yana dai cin abinci ko?" Saboda haka idan tsoho ya ƙi karɓa, mai jinya kan ji kamar ita ce ta gaza, sai ta matsa.

Haɗiya aiki ne da ƙwaƙwalwa ke tsarawa. Duk lokacin da mutum ya haɗiye loma, akwai wani ɗan murfi a maƙogwaro da ke rufe hanyar iska domin abinci ya bi tasa hanyar. Idan ƙwaƙwalwa ta lalace, wannan aiki yakan yi jinkiri, sai ruwa ko abinci ya zarce cikin huhu. Wani lokaci tsoho ya ƙware ya yi tari, wani lokaci kuwa ko tarin ba zai yi ba, sai dai bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama. Wannan ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke zama ajalin masu gigin tsufa. Daga nan za a gane haɗarin ɗura, wato a kwantar da mutum a matse masa hanci a zuba masa kunu, kamar yadda wasu suke yi wa jarirai. Ɗura ga jariri ma haɗari ce, balle ga tsohon da haɗiyarsa ta riga ta yi rauni.

Hanyar da ta dace ita ce a tayar da shi zaune, a jingina bayansa da bango ko matasai, kansa ya ɗan sunkuyo gaba, ba ya ɗage sama ba. Mai jinya ta zauna daidai da shi yadda zai ga fuskarta, ta ba shi da ƙaramin cokali, ta jira ta ga maƙogwaro ya motsa kafin ta ƙara. Idan an gama a duba kumatu, domin sukan ɓoye loma a nan ba tare da sun sani ba, sannan a bar shi zaune kamar rabin sa'a kafin a kwantar da shi. Kada a ba shi komai yana gyangyaɗi. Abin mamaki ga mutane da yawa shi ne, ruwa zalla ya fi saurin sa ƙwarewa a kan abu mai ɗan kauri, saboda gudunsa ya fi ƙarfin maƙogwaron. A nan cimar Bahaushe ta yi rana: kunun gyaɗa ko koko mai kauri, fura da aka dama ta yi lilis ba gudaji, faten dankali ko na kabewa, tuwo mai taushi da miyar kuka ko ta kuɓewa, ayaba da aka murƙushe, da dafaffen ƙwai da aka marmasa cikin miya. Abin da za a nisanta shi ne duk mai tauri ko mai warwatsewa a baki, kamar gyaɗa da aya da ƙuli-ƙuli da tsokar nama da kifi mai ƙaya. Tsohon da ya saba da goro yana iya nemansa, to amma gutsuren goro a bakin wanda ba ya taunawa sosai abin tsoro ne. Ɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini ya fi cika kwano sau uku. A lokacin bazara kuma a riƙa ba shi abin sha a kai a kai ba sai ya nema ba, domin ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa.

Akwai ranar da za ta zo ya rufe baki ya kau da kai. Da farko a bincika ko akwai dalili da za a iya gyarawa: ciwon haƙori, gyambon baki, cushewar ciki, ko zazzaɓi. Idan babu, to alama ce jiki ya fara rage buƙatarsa. A nan iyalai kan yi tunanin a sa masa roba ta hanci ko ta ciki. Binciken da aka yi ta yi bai nuna cewa roba tana ƙara wa masu wannan mataki tsawon kwana ko tana hana ciwon huhu ba, kuma sau da yawa sai an ɗaure musu hannu domin kada su fizge ta. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin tsofaffi suka fi ba da shawarar a ci gaba da ba su da hannu, iya abin da suka karɓa. Hukunci ne mai nauyi, ya kamata a yanke shi tare da likita da manyan gida, kada a bar wa mai jinya ita kaɗai ta ɗauki zargin "ta bar shi da yunwa".

5.0 Kwanciya, Tsafta da Kunya

Mai lafiya yakan juya sau da dama a cikin barci ba tare da ya sani ba. Wanda ba ya iya juyawa, nauyin jikinsa kan danne fata a kan ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, sai fatar ta mutu ta zama gyambo. Wuraren da abin ya fi shafa su ne ƙasan gadon baya da ƙugu da dugadugai da kafaɗu da gwiwar hannu. Ga mai baƙar fata ba a cika ganin jan da littattafan likitanci ke ambata ba. Abin lura shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya fi sauran jiki zafi ko tauri. Rigakafinsa shi ne a juya maras lafiya kamar kowace sa'a biyu, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri domin dugadugai su ɗaga. Gidan da ba a duba agogo yana iya ɗaura wannan aiki a kan lokutan salla, a ƙara da hantsi da tsakar dare da wasu lokuta a tsakani. Wajen juyawa mutum biyu su ɗaga shi da zanen gado, kada a ja shi, domin fatar tsoho ba ta da ƙwari. A kuma riƙa miƙe masa hannuwa da ƙafafu a hankali kullum saboda kada gaɓoɓi su ƙage.

Danshin fitsari shi ne abokin gyambo. Akan shimfiɗa leda domin kare katifa, amma dole a rufe ta da zanen auduga, kada fata ta taɓa ta, musamman a lokacin zafi. Famfas na manya yana sauƙaƙa aiki ga mai hali, wanda ba shi da hali kuwa tsofaffin zannuwa masu taushi da ake wankewa a shanya a rana sun wadatar, muddin ana sauyawa da zarar sun jiƙe. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu maras ƙarfi, a tsane ba a goge ba, a shafa man kaɗanya. A lokacin hunturu a yi hattara da kaskon wuta a ɗaki: tsoho ba zai janye ƙafa ba idan ta ƙone, kuma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa.

Wahalar wannan sashe ba ta tsaya ga aikin hannu ba. Wa zai yi wa uba tsarki? Bahaushe ya taso cikin kunya, ɗan fari ko sunansa iyaye ba sa kama wa, suruka kuwa ba ta cin abinci a gaban uban mijinta, balle ta ga tsiraicinsa. Sakamakon haka sai a ga kowa yana nauyin aikin, a bar tsoho cikin najasa har sai tsohuwar matarsa, wadda ita ma da kyar take tashi, ta samu ta lallaɓo. Abin da ya dace shi ne a zauna a raba aikin a fili: 'ya'ya maza su ɗauki wankan uba da tsarkinsa, mata su ɗauki na uwa. Namijin da ya ce wannan aikin mata ne ya bar mahaifinsa ne ga wadda al'ada da addini suka fi hana ta ganinsa. A lokacin wanka a saki labule, a fitar da yara, a rufe jiki da zane ana buɗe sashe ɗaya bayan ɗaya. A kuma sanar da shi kafin a taɓa shi: "Baba, ni ne, zan ɗan juya ka", ko "Inna, ga ruwan ɗumi za mu goge jiki." Da yawa daga cikin dukan da cizon da tsofaffi ke yi a lokacin wanka tsoro ne, domin a wurinsu baƙo ne ya zo yana tuɓe su.

6.0 Zama da Wanda Ya Daina Magana

Rashin magana ba ya nufin rashin ji. Ko da tsoho bai fahimci ma'anar kalmomi ba, yana gane sautin murya, mai taushi ce ko ta tsawa. Saboda haka ba daidai ba ne a tsaya a kansa ana lissafin kuɗin magani ko ana cewa "ai ya gama yawo". A ci gaba da kiransa da sunan girmamawar da aka saba, Baba ko Malam ko Hajiya. Wasan jika da kaka yana da daɗi idan yana sa tsohuwa murmushi, amma manya su lura kada ya rikiɗe ya zama tsokana.

Abin da aka koya tun ƙuruciya shi ne ke jimawa bai goge ba. Akan ga wanda ya manta sunan ɗansa amma leɓɓansa suna bin karatun surorin da ya haddace a makarantar allo, ko tsohuwar da ba ta ce uffan ba yini guda ta kama amshin waƙar daka ko ta niƙa. Ga ɗalibin harshe akwai wani abin lura: wanda ya koyi Hausa da girmansa yana iya rasa ta ya koma harshensa na farko. Tsohuwar da ta yi shekara sittin a gidan Hausawa sai a ji ta koma Fillanci ko Barbarci, jikoki su ɗauka sambatu ne. Neman wanda zai gaishe ta da wannan harshe yakan kwantar mata da hankali.

Idan ta tambayi mahaifiyarta da ta rasu tun da daɗewa, amsa mata da "ai ta mutu" sabuwar rasuwa ce a gare ta, kuma gobe za ta sake tambaya. Ya fi kyau a bi bayan abin da ke zuciyarta, a ce, "Inna, kina kewarta ko?" a riƙe hannunta. Dangane da ibada kuwa, malaman fiƙihu sun sanya hankali cikin sharuɗɗan wajabcin salla da azumi, don haka babu dalilin hana irin wannan tsoho ruwa a watan Ramalana. Haka nan ba ya halatta a kama yatsansa a dangwala a takardar sayar da gona ko gida.

7.0 Magani da Asibiti

Babu maganin da ke warkar da wannan ciwo. Akwai ƙwayoyi da likita kan rubuta domin sassauta alamomi na ɗan lokaci, sababbin magungunan da aka fara amincewa da su a Amurka a 'yan shekarun nan kuma na masu matakin farko ne. Abin da ya kamata a guje wa shi ne sayo maganin barci a kemis domin tsoho ya yi shiru. Irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙara ruɗewa da faɗuwa da ƙwarewa, wasunsu ma suna ƙara haɗarin shanyewar jiki. Tunda ba ya iya cewa ga inda ke ciwo, sai a karanta fuskarsa: yamutsa fuska, nishi, ƙanƙame jiki, ko ture hannu idan an taɓa wani wuri. Duk sauyin da ya zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ba tafiyar gigin tsufa ba ce, domin shi a hankali yake tafiya. A nemi ma'aikacin lafiya ya duba zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, waɗanda duk suna da magani.

8.0 Mai Jinya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mata ne ke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in da ake ɓatawa wajen kula da masu wannan ciwo. A gidan Bahaushe an san ko su wane ne: matar tsohon, ko 'yarsa da aurenta ya mutu, ko matar ƙaramin ɗa da ke zaune a gidan gado. 'Ya'yan da ke birni kan aiko da kuɗi, su zo ranar Juma'a ko da salla, wani lokaci har da ƙorafin cewa Baba ya rame. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jinyar da ke hana barci shekara biyu ko uku tana jawo ciwon baya da hawan jini da ƙuncin zuciya, kuma mai jinyar da ta gaji ita ce ke yin tsawa, daga baya ta koma ɗaki ta yi kuka. Cewa da ita "ki yi haƙuri, lada kike samu" gaskiya ce, amma ba ta maye gurbin wanda zai karɓe ta kwana biyu a mako ta yi barci, ta je gidan suna, a duba lafiyarta. Ya kamata dangi su tsara wanda zai kwana, da wanda zai sayi sabulu da famfas, da wanda zai yi wanki, kowa ya san nasa.

Malamin makaranta yana da ruwa a cikin wannan al'amari ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. A gidaje da yawa jika ce ake haɗawa ɗaki ɗaya da kaka, yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, ita ce mai tashi da dare, mai zubar da fo, mai wankin zannuwa kafin ta ɗauki jakar makaranta. Idan malami ya ga ɗaliba mai ƙoƙari ta fara makara, tana gyangyaɗi a darasin farko, aikin gida ba ya zuwa, ya kyautu ya kira ta gefe ya tambayi halin da ake ciki a gida kafin ya ɗauki bulala. Idan ya tarar jinya ce, sai ya nemi ganin mahaifinta, ya nuna masa cewa juya babban mutum da ciyar da mai matsalar haɗiya sun fi ƙarfin yarinya, kuma akwai haɗari ga ita kanta tsohuwar. Abin da za a iya bar wa jika shi ne zama kusa da kakarta da yamma, ta yi mata fifita, ta shafa mata mai a ƙafa, ta kira babba idan ta ga numfashi ya sauya.